Yadda Ake Auna Hukuncin da 'Yan Kallo Ke Yanke wa Taurarin Fim Kan Halinsu

Ka zaunar da mutum biyu su kalli fim ɗaya. A cikin fim ɗin akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta ɗauki magani daga ma'ajiyar asibiti ba da izini ba, ta ba wani yaro da iyayensa suka kasa biya. Da aka zo ƙidayar kaya, sai ta ja bakinta ta yi shiru har aka ɗora wa mai gadi laifin, aka kore shi. Fim na ƙarewa, na farko ya ce ɓarauniya ce, na biyu ya ce ita kaɗai ce mai imani a cikinsu. Dukansu sun ga abin da ta aikata da idonsu, a wurin hukunci suka rabu. Wannan hukuncin ne ake son aunawa, kuma yana aunuwa idan an bi shi a hankali.

Abin ya dame ni ne saboda masu shirya wasa da niyyar gyara tarbiyya sukan ɗauka cewa da zarar sun nuna mugu, kowa zai gan shi a mugu. A 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach sun binciki masu kallon wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, wanda aka gina babban tauraronsa, wato mutumin cikin labarin, a matsayin mai ƙyamar wasu jinsuna domin a yi wa ra'ayinsa dariya. Suka tarar masu kallon da su ma ke da irin wannan ƙyamar sun fi karkata ga sha'awarsa. Marubuci ya nufi gabas, wani ɓangare na masu kallo ya nufi yamma, kuma da ba a auna ba da ba a sani ba.

Kafin matakan, ga abin da duk aikin ya rataya a kansa. Dolf Zillmann da Joanne Cantor, tun shekarun 1970, sun yi bayanin cewa mai kallo yana bin ayyukan tauraro yana yanke musu hukunci, daga hukuncin ne so ko ƙi ke fitowa, daga nan kuma ya ji daɗi idan wanda yake so ya yi nasara, wanda yake ƙi ya faɗi. A 2004 Arthur Raney ya ƙara da cewa sau da yawa abin juyewa yake yi: mutum ya fara son tauraro tun fitowarsa ta farko, sannan ya riƙa nema masa uzuri. Mu da muka san so hana ganin laifi ba za mu yi mamaki ba. Don haka duk ma'aunin da ya cakuɗa so da hukunci wuri guda, bai auna ko ɗaya ba. Raba su shi ne aikin.

Mataki na farko: tsayar da tambaya guda

Rubuta a layi ɗaya abin da kake son sani. Akwai abubuwa uku da ake yawan haɗawa alhali daban suke: hukuncin aikin da aka yi, hukuncin mutumin da ya yi shi, da sakamakon da ake ganin ya cancanta. Mai kallo zai iya cewa satar maganin laifi ce, ya ce matar mutuniyar kirki ce, ya kuma ce kada a hukunta ta, duk a numfashi ɗaya ba tare da ya yi tufka da warwara ba. Zaɓi wanda ya fi damunka, sauran biyun su bi baya.

Ka kuma raba tauraro da ɗan wasa. Tauraro shi ne mutumin cikin labari, ɗan wasa shi ne wanda ya fito a matsayinsa. A takardarka sunan cikin labari za ka riƙa kira.

Mataki na biyu: zaɓi abin da za a kalla

Idan fim ne da ya riga ya fita, sanya tambayar ko mutum ya taɓa kallonsa, da kuma yadda yake ji game da ɗan wasan. Wanda ya shekara goma yana son jaruma ba zai shigo ɗakin kallo da zuciya wankakkiya ba.

Idan kuma dalili kake nema, wato me ya sa hukunci ke sauyawa, to shirya labarin kashi biyu waɗanda komai nasu ɗaya ne sai abu guda. A kashi na farko matar ta ba yaron maganin, a na biyu ta sayar da shi ta saka kuɗin a aljihu. Ko kuma niyya ɗaya ce, amma a ɗaya yaron ya warke, a ɗaya ya rasu. Kada ka sauya biyun lokaci guda sai in ka shirya kashi huɗu. Binciken Fiery Cushman na 2008 ya nuna cewa idan mutane na hukunta munin aiki, niyya suka fi dubawa, idan kuma aka zo maganar horon da za a yi, sai su ba abin da ya faru nauyi sosai. Ba dole sai ka ɗauki fim ba. Gajeren labari a rubuce, ko a karanta shi a naɗi sauti, yana wadatarwa, kuma ya fi sauƙin sauyawa.

Shawarata ita ce ka guji tauraron da ya fito fari tas ko baƙi ƙirin. Kowa zai ba shi maki iri ɗaya, ka tashi a tutar babu. Mai ruwa biyu, irin wanda Maja Krakowiak da Mary Beth Oliver suka yi nazari a kansa a 2012, shi ke fito da bambancin da ke tsakanin mutane. Amma ajiye jarumi ɗaya na ƙwarai da mugu ɗaya na ƙwarai a gefe don gwada ma'auninka: idan takardarka ta kasa bambance waɗannan biyun, to ita ce ke da matsala.

Mataki na uku: rubuta tambayoyin hali

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne tambaya ɗaya tilo: shin mutumin kirki ne? Amsarta ba ta gaya maka komai, don kirki ba abu guda ba ne. Matar nan ta cika a tausayi, ta gaza a adalci. Tambaya ɗaya za ta niƙe biyun ta ba ka tsaka-tsaki.

Jonathan Haidt da Craig Joseph sun fara shimfiɗa wani tsari a 2004, wanda daga baya ya tsaya a kan ginshiƙan ɗabi'a biyar: tausayi da gudun cutarwa, adalci da gudun ha'inci, riƙon amanar dangi ko ƙungiya, girmama na gaba da bin doka, sai tsarki da gudun ƙazanta. A 2012 Haidt ya kawo na shida, wato 'yanci da ƙin danniya. Masu nazarin kafafen watsa labarai, irin su Ron Tamborini da Allison Eden da Matthew Grizzard, sun ɗauki ginshiƙan nan biyar suka juya su zuwa tambayoyi kan taurarin labari. Kai ma haka za ka yi.

Ga kowane ginshiƙi rubuta jimla uku ko huɗu. Kowace jimla ta ɗauki abu ɗaya, ta kuma yi magana kan abin da ake iya gani. Ga misali kan matar:

Tausayi: tana damuwa da wahalar marasa ƙarfi. Za ta iya cutar da wani ba tare da ta damu ba.

Adalci: tana ba kowa haƙƙinsa. Za ta iya barin wani ya ɗauki laifin da ita ta yi.

Amana: tana tsayawa wa abokan aikinta. Za ta iya juya wa mutanenta baya idan ta shiga matsi.

Girmama na gaba: tana bin ƙa'idar wurin aikinta. Tana yin gaban kanta ko da an hana.

Tsarki: tana kame kanta daga abin kunya. Tana aikata abin da ke sa mutum ƙyama.

Lura cewa a kowane layi jimla ta biyu a juye take, yarda da ita na nufin mummunan hali. Ana yin haka ne don kama mai bin layi yana cewa na yarda, na yarda, ba tare da ya karanta ba. Ka guji jimla mai kai biyu kamar tana da tausayi da gaskiya, don wanda ya ga tausayin bai ga gaskiyar ba ba shi da inda zai sa hannu. Ka guji kalmar da ta riga ta yanke hukunci. Idan ka rubuta ta saci magani, ka ja mai amsa gefe ɗaya. Idan ka rubuta ta ceci yaro, ka ja shi ɗaya gefen. Ta ɗauki magani daga ma'ajiya ya fi zama a tsakiya.

Wani gargaɗi da nake ganin ya fi sauran nauyi: ginshiƙan nan ba saukakku ba ne. Yawancin gwajinsu na farko a kan mutanen ƙasashen yamma aka yi, kuma tun 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja kunne kan ɗaukar irin waɗannan mutanen a matsayin madubin duk 'yan Adam. Ko masu tsarin ma sun sake fasalin takardar tambayoyin da suke auna ginshiƙan da ita a 2023, suka raba adalci gida biyu: daidaito tsakanin mutane, da kuma ba kowa gwargwadon aikinsa. Saboda haka kafin ka kulle takardarka, zauna da mutum takwas ko goma daga cikin irin waɗanda za ka tambaya, ka nuna musu labarin, ka ce su siffanta halin matar da bakinsu. Rubuta kalmomin da suka faɗa yadda suka faɗe su. Idan haƙuri ko kunya ko kara ko butulci suka yi ta fitowa, alhali babu su a ginshiƙanka, ƙara musu jimloli nasu.

Idan daga wani harshe ka fassaro tambayoyin, bi hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar harshen farko, sannan a kwatanta. Duk inda ma'ana ta zame, a gyara.

Mataki na huɗu: tsara sikeli

Yi amfani da irin sikelin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, wato jerin lambobi da mai amsa ke zaɓar ɗaya don nuna ƙarfin yardarsa da kowace jimla. Daga 1, sam ban yarda ba, zuwa 7, na yarda ƙwarai. Ko daga 1 zuwa 5 idan da baki za a karanta wa mutane. Ka tsaya a kan guda ɗaya har ƙarshen takarda. Sannan ka buɗe gurbi na daban mai cewa labarin bai nuna wannan ba. In babu shi, wanda bai ga komai game da tsarkin matar ba zai zaɓi 4, kai kuma ka karanta shi a matsayin ra'ayi.

Mataki na biyar: auna so da uzuri, kowanne a shafinsa

Ga so, jimla uku sun isa: ina son ta, ina fatan ta yi nasara, zan so in sake ganinta a wani labarin. Kada kalmar kirki ko mugunta ta shiga cikinsu.

Uzuri ya fi wuyar kamawa, amma Albert Bandura ya sauƙaƙa mana. Ya lissafa hanyoyi takwas da mutum ke bi ya kashe muryar zuciyarsa game da laifi: ya ce an yi ne don manufa mai kyau, ya sauya wa laifin suna mai daɗi, ya kwatanta shi da wanda ya fi shi muni, ya tura alhakin ga na sama, ya rarraba shi kan jama'a, ya raina ɓarnar da aka yi, ya cire wanda aka cuta daga sahun mutane, ko ya ɗora wa wanda aka cutar laifin. Mai kallo yana yi wa tauraron da yake so irin wannan hidimar. Mayar da su jimloli: ba ta da wata mafita. Abin da ta yi bai kai na shugabannin asibitin ba. Mai gadin zai sami wani aikin. Da ya yi gadinsa da kyau da hakan bai same shi ba. Wanda ya ba jimla ta ƙarshen nan 7 ya gaya maka abu mai yawa.

Jerin shafuka ma yana da tasiri. Idan ka fara da so, zai iya rina hukuncin da ke biye. Buga takardar kashi biyu, rabin mutane su fara da hali, rabi su fara da so, daga baya ka duba ko an sami bambanci.

Mataki na shida: auna mai kallon kansa

Hukunci na fitowa ne daga haɗuwar labari da mai kallo. Kafin a kunna komai, ko ma kwana ɗaya ko biyu kafin nan, tambayi kowa yadda ginshiƙan nan suke da nauyi a wurinsa. Takardar da Jesse Graham da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 tana da jimla 30 don wannan. Ƙara shekaru, jinsi, matakin karatu da yawan kallo. Kada ka nemi suna; lamba ta isa a haɗa takardar farko da ta biyu.

Mataki na bakwai: gwaji, yawan mutane da izini

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mutum goma zuwa goma sha biyar takardar, ka ce su riƙa faɗin abin da suka fahimta da kowace jimla suna amsawa. Wadda aka karanta sau biyu kafin a gane, sake ta.

Batun yawa kuwa lissafi ne. Idan rukuni biyu za ka kwatanta, kana kuma sa ran bambanci matsakaici, kana bukatar kimanin mutum 64 a kowane rukuni domin samun damar kashi 80 cikin 100 ta gano shi. Idan bambancin ƙarami ne, adadin na kusantar 400 a kowane rukuni. Manhajar G*Power kyauta ce, tana yin wannan lissafin. Rabon mutane zuwa rukuni kuma da ƙuri'a ake yi. Kada ka bar abokai su zaɓi ɗaki ɗaya, kada kuma ka ba masu zuwa da safe kashi na farko, na yamma kashi na biyu.

Gaya wa kowa abin da zai kalla, musamman idan akwai tashin hankali a ciki, da cewa yana da ikon tashi duk lokacin da ya so. Yara sai da yardar iyaye. Abin da ba za ka faɗa ba kafin a gama shi ne amsar da kake tsammani.

Mataki na takwas: ranar kallo

Doka ɗaya ce babba: babu hira har sai an miƙa takarda. Mutum ɗaya mai kaifin baki ya yi tsaki lokacin da aka kori mai gadi, ya sauya maka makin ɗaki guda. Idan da baki ake tambaya, a keɓe mutum, mai tambaya kuma ya riƙe fuskarsa, don mutane na son a gan su a masu tarbiyya, za su ba ka amsar da suke ganin kana so. Cikin manhajojin tattara amsa, Google Forms na aiki idan akwai intanet, KoboToolbox kuma na karɓar amsa ko babu.

Idan so samu ne, kada ka jira ƙarshe. Hukunci tafiya yake yi da labari. Tun ƙarshen shekarun 1930 Paul Lazarsfeld da Frank Stanton suka ƙera na'urar da masu sauraron rediyo ke danna koren maɓalli idan abu ya yi musu, ja idan bai yi ba, ana naɗar amsar a kan takarda yayin da shiri ke gudana. Kai ba ka bukatar na'ura. Tsayar da fim a wuri uku: bayan an gabatar da matar kafin ta yi komai, bayan ta ɗauki maganin, da bayan an kori mai gadi. A kowace tsayawa a amsa gajerun jimloli iri ɗaya, biyu na hali, ɗaya na so. Tsayawar farko ita ce zinariya, don ita ke nuna wanda ya riga ya so ta tun ba ta aikata komai ba, kuma da ita za ka gane ko son ne ya ja hukuncin daga baya.

Mataki na tara: lissafi

Fara da juya jimlolin da ke juye. A sikelin 1 zuwa 7, cire makin daga 8. A ce wani ya ba jimlolin tausayi huɗu maki 6, 5, 2 da 7, kuma ta ukun a juye take. To 2 ta koma 6, jimilla 24, a raba huɗu, makinsa na tausayi 6 ke nan. Yi haka ga kowane ginshiƙi daban. Wanda ya zaɓi labarin bai nuna ba, bar gurbinsa fayau, kada ka sa masa sifili.

Sannan duba ko jimlolin kowane ginshiƙi suna tafiya tare, da ma'aunin alfa na Lee Cronbach na 1951. An saba ɗaukar 0.70 zuwa sama a matsayin abin karɓa. Idan ya yi ƙasa, nemo jimlar da ke ware kanta ka sake karanta ta. Manhajojin jamovi da JASP kyauta ne kuma suna yin wannan cikin mintuna.

Kada matsakaicin maki ya yaudare ka. Idan kowa ya ba matar 4, matsakaici 4 ne. Idan rabi suka ba ta 1, rabi suka ba ta 7, matsakaici 4 ne har ila yau. Na farko ɗakin da bai damu ba ne, na biyu ɗakin da ya dare biyu, irin mutum biyun da muka fara da su. Zana jadawalin yawan waɗanda suka zaɓi kowace lamba kafin ka yi wani lissafi.

Daga nan ka ɗora tambayoyinka na ainihi. Rukunin da ya ga ta ba yaro ya bambanta da wanda ya ga ta sayar, kuma a wane ginshiƙi? Waɗanda suka fi ba bin doka nauyi a takardar farko sun fi tsananta mata? Waɗanda suka so ta a tsayawar farko sun fi kawo uzuri a ta uku? Idan ka ga so da hukunci suna hawa da sauka tare, faɗi haka kawai. Wanne ya haifi wanne, sai gwajin kashi biyu da tsayawar nan uku ne za su ba ka bakin magana a kai.

Mataki na goma: bar su su yi magana

A ƙarshen takarda bar fili da tambaya ɗaya: me ya sa ka yanke mata wannan hukuncin? Mutum biyu su karanta amsoshin kowa shi kaɗai, suna sa wa kowace amsa alamar ginshiƙin da ta taɓo, sannan a auna yawan daidaituwarsu da ma'aunin kappa na Jacob Cohen na 1960. Inda suka saɓa, su zauna su warware, a rubuta ƙa'idar da aka bi.

A rahotonka, faɗi su wa ka tambaya, su nawa, me suka kalla, a ina aka tsayar da fim, ka kuma liƙa takardar tambayoyin gaba ɗaya don wani ya iya maimaitawa. Idan ɗalibai ne kawai suka amsa, rubuta ɗalibai, kada ka rubuta masu kallo. Sannan ka koma kan amsoshin tambayar ƙarshen nan da alƙalami a hannu, ka ƙirga abu biyu: mutum nawa suka ambaci yaron, mutum nawa suka ambaci mai gadin. Ka jera adadin kusa da makin so na tsayawar farko.